Rariyar Yaya Ishaya

Shekara shida ke nan da muka binne Yaya Ishaya a Manchester, garin da ya sha rantsuwa ba zai tsufa a cikinsa ba. Bai tsufa ɗin ba kuwa.

Ni ƙanwarsa ce, shi ya kawo ni, muka zauna tare a unguwar Rusholme. Yana aiki a wani kamfanin abincin dabbobi a bayan Birmingham, sai ƙarshen mako yake dawowa, kayansa suna warin garken alade. Maƙwabtanmu Hausawan Gana ne, Musulmi, mutanen kirki. Idan sun tambaye shi sana'arsa sai ya ce harkar dabbobi, ni kuma in wanke kayan sau biyu kafin in shanya.

Aikin nasa shi ne auna laushin abinci da rariya, da duba cikin aladun da aka yanka. Abin da ya gani ya hana shi sukuni. Abincin da aka niƙa luƙui yana sa alade saurin ƙiba, amma yana cinye masa tumbi har ya yi gyambo. Mai tsaki-tsaki ba ya yin haka, kuma in an zuba masa enzayim, sinadarin da ke taimaka wa hanji narkar da abinci, girman ba ya ja da baya sosai. Na yi masa dariya, na ce ai Mama da ba ta taɓa shiga aji ba, dusa mai tsaki take ba aladunta tun muna yara.

Ya rubuta rahoto, shugabansa ya jefa a durowa. Na ce ya bar musu aikinsu mana.

"Rifkatu, work permit ɗina, izinin aikin nan, da sunansu yake," in ji shi. "In na fita, na fita daga ƙasar. Bari in cika shekarun, in karɓi papers na zaman dindindin, sannan in je gida in kafa gonata."

Haka ya ci gaba da taya su niƙa abin da ya san yana cutarwa. Shi ma cikinsa yana ciwo, ya ƙi zuwa wurin likita don kada kamfani ya ce ba shi da lafiya. Saura wata bakwai ya cika shekarun ya faɗi, bai sake tashi ba. Har yau ina jin haushinsa, ina kuma kewarsa.

Wani abokin aikinsa ya gaya mini yanzu mai tsakin suke sayarwa, har da talla. Ban san ko Yaya zai yi murna ba. Na fi zaton zai dube ni, ina aikin kula da tsofaffi, ina ƙirga nawa watannin, ya ce in tattara in tafi. Ban tafi ba.

Rariyarsa ce kaɗai ta koma gida. Mama ta rataye ta a ƙofar garke, ba ta taɓa amfani da ita ba. Ta ce hannunta ya ishe ta sanin tsaki, ɗanta take so a dawo mata da shi.