Farar Ƙasar Mama Ugomma

Duk macen da ta taɓa yin laulayi a Nasarawa Gwom ta san tiren Mama Ugomma. Tun tana amarya mijinta Nwabueze ya kawo ta Jos daga ƙasar Ibo. Shi ya buɗe shagon gyaran janareta, ita kuwa ta kama sana'ar uwarta, wato farar ƙasa, wadda Ibo suke kira nzu. A jiƙa ta, a tace, a barbaɗa gishiri, a mulmula kamar ƙwan zabuwa, a gasa a bakin murhu. Masu ciki na tsotsa don ta kwantar musu da tashin zuciya. Ugomma mace ce mai kaifin baki. Kika taya kayanta da raini sai ta wanke ki tas da gurguwar Hausarta, sannan ta ƙara miki gyara.

Da can direbobin manyan motoci ke kawo mata ƙasar daga gida. Da Nwabueze ya rasu, direbobin da ke yi dominsa suka janye, buhu ya daina zuwa. Ana nan, ta je ta'aziyya ta hanyar Vom, ta tsallaka wani rafi da ke gangarowa daga tsofaffin ramukan kuza, inda har gobe samari ke wankin yashi. A gefen ruwan ta ga laka fara fat. Ta murza tsakanin yatsu, babu tsakuwa. Ta sansana, babu wari. Ta ɗora a harshe, ta ji ta kama. Gwajin da uwarta ta koya mata ke nan, kuma a garinsu bai taɓa ba kowa kunya ba, domin a can babu mai haƙar komai a saman rafi. Daga ranar ta riƙa zuwa da buhunta tana ɗiba.

'Yarta ɗaya ce tak, Chiazo, tana aure a Daɗin Kowa. Shekaru sun ja babu haihuwa, har dangin miji sun fara tari irin na habaici. Da ciki ya samu, Ugomma ta yi rawa a tsakar kasuwa. Mafi fari da laushi a kowane gashi shi take ware wa 'yarta, tana cewa 'yar mai nzu ba za ta ci ragowar wasu ba. Chiazo ta ci safe da yamma har ta sauka, ta ci gaba tana shayarwa.

Aka sami namiji, aka sa masa Chibueze, kyakkyawa kamar a sace. Sa'o'insa suka yi rarrafe, suka miƙe, suka fara ɓarna, shi yana zaune inda aka ajiye shi. Bai ce mama ba. Sai jijjiga ta fara kama shi. An yi addu'a, an yi azumi, daga baya aka kai shi asibiti, gwaji ya nuna dalma a jininsa da na uwarsa. Likita ta tambayi ruwan da suke sha, fentin ɗaki, kwalli, duk babu. Can Chiazo ta buɗe jaka ta fito da guntun nzu, aka karɓa aka auna.

Ranar da sakamako ya fito ya nuna dalmar a cikin nzu take, Ugomma na wurin, ta faɗi inda take ɗibar ƙasar.

"Mama, ba ki sani ba ne," in ji likitar. "Ruwan ya daɗe yana wanko guba daga ramukan nan, laka tana shanyewa. Za mu rage ta jini da magani. Wadda ta taɓa ƙwaƙwalwa kam, ba na miki alkawari."

Washegari ta bi gidajen masu sayen kayanta ɗaya bayan ɗaya tana roƙo su zubar, su kai 'ya'yansu gwaji. Wasu suka gode, wasu suka zage ta har bakin titi, ta tsaya ta shanye, ita da ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta rama biyu ba. Abin takaici, waɗanda suka kwashe kuzar suka bar ramuka a buɗe babu wanda ya taka ƙofar kowa. Chiazo kuwa ba ta taɓa gaya mata baƙar magana ba, kuma wannan ya fi komai ci wa Ugomma rai.

Bana, a bakin wata mata a coci ta ji cewa Chiazo na da ciki. Ta dafa farfesun busasshen kifi irin na masu laulayi, ta cika kula ta hau keke-napep zuwa Daɗin Kowa. Chiazo ta tare ta da gaisuwa, ta ba ta kujera, ta ɗora mata Chibueze a cinya. Kular kuma ta ɗora ta saman kabad, inda hannun yaron ba zai kai ba. Suka yi hirar ruwan sama da tsadar gas.

Da ta tashi tafiya, Chiazo ta sauko da kular, nauyinta na nan yadda ta zo.

"Mama, ki koma da shi kar ya lalace. Na riga na ci abinci."

Ugomma ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Ba ta yi musu ba, domin da ita ce ke ɗauke da cikin nan, ita ma ba za ta ci ba.