Giginyar Inna Ige

Ni 'yar babban koci ce, kuma ba na gajiya da faɗar haka. Mahaifina Malam Umaru, wanda aka fi sani da Dogo, ya buga ƙwallon kwando tun zamanin da mutanenmu ba su san ana wasan ƙwallo da hannu ba, daga baya ya yi shekara da shekaru yana horar da 'yan wasa a Kaduna. Amma in aka tambaye ni inda aikin nan nasa ya tsaya da ƙafafunsa, ba filin wasa nake tunawa ba. Ɗakin kakata nake tunawa a Kebbe, lokacin sanyi, wutar kara na ci a tsakiya, mu jikoki mun kewaye ta muna miƙa hannuwa.

Inna Ige ce ta haife shi, shi ne ɗanta na fari, kuma ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni. Gidanmu manoma ne masu 'yan shanu, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya zo gaishe ta, zai durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. In dole ta kama a yi maganarsa sai ta ce "baƙon can", ko "mutumin Kaduna". In wani ya yabe shi a gabanta, nan take za ta tuna da wani aiki a bayan ɗaki. Mu yara har tsokanarta muke yi. Mu ce, "Inna, wa ya haifi Hajo?" Hajo kuwa ni ce. Sai ta ɗaga mazarin kaɗinta ta ce za ta fasa mana kai.

Yadda Baba ya faɗa wasan nan, tsawonsa ne ya ja masa. Yana yaro aka ɗauke shi makarantar elemantare a Tambuwal, daga nan aka wuce da shi Sakkwato. A can wani malami ya ga yaro yana sunkuyawa kafin ya shiga aji, ya miƙa masa ƙwallo ya nuna masa kwando a saman sanda. Shi ke nan. Kafin a samu 'yancin kai ya riga ya zama wanda ake ajiyewa a ƙarƙashin kwando, duk ƙwallon da ta tashi sama tasa ce. An kai shi Kaduna, an kai shi Zariya da Jos, har Ikko ya je ya buga wa Jihar Arewa.

Sai dai labarin da ya iso Kebbe ba haka ya iso ba. Wani mai fataucin shanu ne ya gan shi a fili, ya dawo ya baza a kasuwa cewa ya ga ɗan gidanmu, magidanci da gemunsa, sanye da gajeren wando yana tsalle yana jefa ƙwallo cikin kwandon da ba shi da gindi. An yi dariyar nan har ta gaji. Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Baffa Altine, ƙanen kakanmu, wanda ya zama babban gida bayan rasuwar kakan.

Ina 'yar makarantar allo gwiwar Baba ta samu matsala, likita ya ce tsalle ya ƙare. Hukumar ƙungiyarsu ta ce to ya zama babban kocinsu, tunda dama shi ke gyara wa ƙananan 'yan wasa tsayuwa da jifa. Baba ya ce sai ya je gida tukuna. Ya iso bayan an gama girbi, yana ɗan ɗingishi, ya shaida wa Baffa cewa ba zai karɓi aikin ba sai da yardar mahaifiyarsa. Ranar kasuwar Tambuwal mai zuwa motar Kaduna za ta tashi, ko dai ya shige ta, ko ya ba direba saƙon a nemi wani.

Baffa Altine ya ga ƙofa ta buɗe. Ya ce ai Allah ne ya yi wa wasan banza iyaka, ga gona, ga shanu, ga ƙanne, ɗan fari ya dawo ya zama ginshiƙin gidan ubansa. Ya tako har ɗakin Inna ya tambaye ta ra'ayinta, ina zaune ina gurza mata auduga.

"Mi ag gamina da shi?" in ji Inna. "Kai na ubanai, kai ka sani."

Duk wanda ya san Inna ya san ba ta da wata amsar da za ta iya bayarwa a kan ɗan fari. Amma Baffa ya ɗauke ta a yadda ta yi masa daɗi, ya je ya ce wa Baba uwarsa ta bar magana a hannunsa. Baba bai yi musu ba. Dama a ransa ya daɗe yana zaton tana jin kunyar abin da ake faɗa a kansa a kasuwa. Washegari na gan shi ya hau gyaran rumbu, ya daina zancen Kaduna, ya daina dariya kuma.

Ana gobe kasuwar Tambuwal, bayan sallar isha, muka taru a ɗakin Inna kamar kullum. Ta ƙara kara a wuta, ta gyara zama, ta ce in leƙa in gano mata ko awaki sun shiga garke. Na leƙa na dawo na ce awaki sun shiga, amma ga Baba can zaune a bayan zana yana tufkar igiya.

"Wa yat tambaye ki?" ta ce. "Awaki nic ce miki."

Daga nan ta buɗe tatsuniya yadda ta saba: "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Muka ce mun matsa, ta shigo. Inna mai ba da labari ƙasa-ƙasa ce, sai ka kasa kunne. Ranar kuwa sai ta saki murya, har ƙanwar babana da ke ɗakin gefe ta leƙo ta ga ko lafiya.

Wai wata mata ce ta binne ƙwallon giginya a tsakar gidanta. Giginya ta fito, ta yi ta tsawo, ta wuce danga, ta wuce rumbu, ta wuce duk itacen da ke garin. Da ta gama tsawo sai aka ga inuwarta ba ta sauka a gidan matar, can take faɗawa bakin hanya, inda fatake ke sauke jakuna su huta. 'Ya'yanta ma in sun nuna, waje suke faɗawa. Yaran wasu su tsince, su sha, su binne ƙwallon. Matar nan kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ta kalli itacen. In aka ce mata giginyarki ta yi kyau, sai ta ce ita ba ta san da wata giginya ba.

Sai 'yan'uwan mijinta suka taru suka ce wannan itace ba shi da amfani ga gida, a sare shi a tsaga azara a rufa soro, ko banza a ce ya tsare wa gida ruwan sama. Suka tambayi matar, ta ce su suka sani. Suka wasa gatura suka ce sai da safe.

Inna ta dakata a nan ta hura wuta, ta bar mu muna zillo. Sannan ta ci gaba da bakinta.

"Da gari yaw waye sunka zo da gatura, sunka iske ta ta shimfiɗa tabarma gindin giginya, ta ba ta baya, tana kaɗi. Sunka ce, tashi mu sara. Tac ce, ni ban hana ku ba, amma nan nika zama. Sunka dawo da azahar, tana nan. Sunka dawo da la'asar, tana nan. Sai babbansu yac ce, ke da ko kallonta ba ki yi? Tac ce, ba sai na kalle ta ba. Ɓataccen da yab biyo daji, ita shika hange, shi gane gari. Ɗiyan da sunka sha 'ya'yanta, ga giginyu can sun tsiro bakin hanya saboda ita. Azara kau, kowane gida da akwai ta. Wagga ɗaya ta."

Wai haka masu gatura suka gaji suka koma. Giginya ta ci gaba da tsayuwa, matar ta ci gaba da ba ta baya har ta tsufa. Inna ta ce tatsuniya ta koma inda ta fito, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya so.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Inna, to matar tana son giginyar ko ba ta so?"

Ta harare ni. "Ke dai Hajo kanki awa dutsin niƙa. Tashi ki kwanta."

Da na fito zan zubar da toka, Baba na nan inda na bar shi. Igiyar na kan cinyarsa, bai ƙara mata ko taƙi ba. Ya sa gefen rawaninsa yana goge fuska, ya ce mini hayaƙin ɗakin Inna ya cika yaji.

Da asuba ya shiga wurin Baffa Altine. Ban ji abin da suka faɗa ba, na dai ji Baffa ya fito yana faɗa shi kaɗai, yana cewa ai shi ma ba kurma ba ne, ya ji tatsuniyar, kuma tun da yake bai taɓa ganin tsohuwa mai wayon wannan ba. Faɗan bai hana shi ɗaura wa jaki mangala da kansa ya raka Baba har Tambuwal ba. Inna ba ta fito sallama ba. Ta dai dama fura mai yawa ta ce in kai wa baƙon can, hanya da nisa.

Abin da ya biyo baya mutane da yawa sun san shi. Baba ya karɓi ƙungiya, ya yi ta yawo makarantu da ƙauyuka yana neman dogayen yaran da ake yi wa dariya, yana ɗauko su yana koya musu yadda ake tsayawa, yadda ake miƙa wa ɗan'uwa ƙwallo, yadda ake faɗuwa a tashi. An ci su, sun ci. Yaransa da yawa sun zama koci su ma. Har yau nakan haɗu da dattijo dogo a wurin biki, ya ji sunan mahaifina ya durƙusa yana mini addu'a. Wani daga cikinsu ya taɓa ce mini Koci bai taɓa yabon ɗan wasa a fuskarsa ba, sai dai ya tsaya kusa da kai yana ba wani labarin wani yaro mai ƙoƙari, kai kuma ka gane. Na yi dariya har da hawaye, don na san inda ya koyo.

Na daɗe ina ɗaukan kunyar Inna a matsayin taurin zuciya. Sai da na girma na gane nauyin da ta ɗauka. An hana bakinta yabon ɗanta, ba a hana zuciyarta ba, kuma ranar da rayuwarsa ta rataya a kan kalma ɗaya daga gare ta, ta nemo hanyar faɗa ba tare da ta karya al'adarta ba. Ina alfahari da Baba ƙwarai. Alfaharin da nake yi da ita ya fi.

Sau ɗaya tak na ga ta kusa kasawa. Shekarar da ƙungiyar Baba ta fara cin kofi, wani malamin makaranta ya rugo gidanmu da rediyonsa, ya ajiye a tsakar gida. Mai labarai ya faɗi sunan Baba cikakke, da sunan ubansa, ya ce mutumin Kebbe ne. Mata suka ɗauki guɗa, Baffa Altine ya fita zaure yana shaida wa duk mai wucewa cewa shi ya raka yaron mota. Inna kuwa ta tashi ta shige ɗaki, ko juyowa ba ta yi ba.

Na bi ta. Na same ta tsaye a bayan ƙofa, kunnenta manne da asabari, hawaye na bin kumatunta. Ta kamo hannuna ta jawo ni kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Hajo," ta ce, "je ki tambayi mai akwatin nan. Shina sake faɗi?"