Lasisin Gwaggo Ina-Takarda

Duk unguwarmu Ina-Takarda ake ce wa gwaggona, yayar babanmu. Kantin magani gare ta a bakin titi, tsakanin mai faci da shagon tela, kuma ko da rarrafe ka shigo, in dai ka ce a ba ka kafso, abin da za ka fara ji shi ne ina takardar likita. Masu gaggawa suna zaginta a bayan ido, amma in ɗansu ya kwanta da gaske wurinta suke dawowa.

Ba da wuri ta yi karatun harhaɗa magunguna ba. Sai da ta haifi 'ya'yanta duka ta koma aji, ta zauna da sa'o'in ɗanta na fari. Jarrabawar hukuma ta kayar da ita ba sau ɗaya ba, dangi suka yi ta dariya, ita kuwa ta ƙi gajiya. Ranar da lasisin ya fito ta sa shi a gilashi, ta kafa ƙusa da hannunta a bangon da ke bayan kanta, ta rataye. Kullum shi take fara gogewa kafin ta share ƙasa.

Ƙanwata kuwa sunan Gwaggo ta ci, ga sunan gida ɗaya, don haka a rubuce ba ka raba su. Takwara muke ce mata. A kantin ta girma, Gwaggo ta sa ta makarantar da ta yi, amma ta gudu tun ba a je ko'ina ba, wai karatun ya yi tsawo. Tana da zafin nama da daɗin baki, ban hana ta wannan ba. Da ta buɗe nata kantin a ƙarshen gari, kowa a gidanmu ya san hoton lasisin wa ta rataye, amma aka haɗa baki aka yi gum. Gwaggo an ce mata man shafawa da sabulu ake sayarwa. Na faɗa wa Baba abin zai fashe, ya ce in iya bakina.

Almakashi ne ya tona asirin. A kantin Gwaggo babu almakashi, don ba ta yanka katin kafso. In likita ya rubuta na mako guda, na mako guda za ka ɗauka, ko ka tafi wani wuri. Takan ce rabin magani koya wa ciwo dambe ne kawai. To wata safiya ina wurinta sai ga wata mata da yaro a kafaɗa, jikinsa zafi rau. Ta ce ta sayi magani a reshen Gwaggo, ya ji sauƙi, ga shi ciwon ya dawo ya fi na da. Gwaggo ta ce wane reshe? Matar ta miƙa mata 'yar ambulan. A ciki akwai guntun kati, an yanke shi a karkace, a bayan ambulan ɗin kuma ga hatimi: sunan Gwaggo da lambar lasisinta.

 Gwaggo ta tare wa matar mota zuwa asibiti, ta rufe kanti da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba, ta ce in raka ta. Muka tarar da Takwara tana cikin ciniki, almakashin na rataye da zare a jikin kanta. Gwaggo ta wuce ta gaban mutane, ta sauke hoton daga bango, ta sa a hammata muka fito.

Kafin la'asar falon Baba ya cika. Kowa ya san dokar: in aka sami lamba ɗaya a kanti biyu, hukuma duka biyun take rufewa sai ta gama bincike, kuma mai lasisin na iya rasa shi ɗungurungum. Da wannan suka so su kama Gwaggo. Kawu ya ce ai ba ƙarya yarinyar ta yi ba, sunanta ne a jiki. Innarmu ta yi kuka. Baba ya ce, "Yaya, jininki ce fa. In kika kai ƙara, kanki za ki fara yankawa."

Gwaggo ta ce, "Suna na ba ta tun tana tsumma, kuma ba zan karɓe ba. Lamba kuwa ba a haife ni da ita ba, zama na yi na karanta. In yaron nan ya mutu, wa za a ce ya kashe shi? Ni."

Washegari ta kai kanta hukuma, da lasisin na gaske a hannu ɗaya, na bogi a ɗayan. Aka garƙame kantunan biyu. Ni abin da ya ƙona mini rai shi ne waɗanda suka yi shiru jiya su ne suka fi kowa baki yau, har da masu cewa baƙin ciki take yi da 'yar ƙaninta. Baba ya daina gaishe ta. Ita kuwa kowace safiya sai ta yi shirinta tsaf, ta ɗauko benci ta zauna a gaban kwaɗon hukuma, wai kada wani ya ce kunya ta ɓoye ta. Mai faci ya ce ko a kan bencin, in ka nuna mata magani sai ta tambaye ka takarda.

Yaron ya tashi. Bayan watanni hukuma ta wanke Gwaggo, ta mayar mata da lasisin. Takwara aka hana ta taɓa magani sai ta zauna jarrabawa, kuma har yau in ta hango Gwaggo a titi sai ta canja hanya.

Ranar da aka buɗe kantin, Gwaggo ta rataye gilashinta a inda yake, sannan ta aike ni wurin mai faci in aro guduma. Ta kafa wata ƙusar a gefensa, daidai tsayinsa. Na ce ta mece ce? Ta ce ta Takwara ce, ranar da ta kawo nata.

Ƙusar tana nan ba komai a jikinta. Kullum da safe in Gwaggo ta goge gilashin, sai ta goge ta ita ma.