Tsakiyar Kujerar Gaba

Kunnena na hagu ya mutu tun ina budurwa, bayan wani zazzaɓi. A gida bai dame ni ba, sai a mota, domin a nan Jidda direba a hagu yake zama, mataccen kunnen ke nan yake fuskantar maigidana. Motar kuwa tsohuwa ce ƙirar Amurka, mai ƙofa biyu, gadon mahaifinsa. Injinta silinda takwas ne, in ta yi gurnani duk layinmu a unguwar Waziriyya an san mun fita. Abin da ya cece ni shi ne kujerar gaba doguwa ce, daga ƙofa zuwa ƙofa. Sai in matso tsakiya, in ɗan karkata kai, in ji shi sarai. Gidanmu ɗaki biyu ne, ga yara ga surukata, don haka duk wata magana ta mu biyu a kan wannan kujera muka yi ta, ran Juma'a bayan la'asar, a hanyar bakin teku.

Da tsohuwar giyar ta gaji, wadda sandarta ke jikin sitiyari, sai ya samo ta zamani mai hawa shida, ita ma ta hannu. Ya kai motar warsha, wato garejin amininsa, a unguwar Khumra. Kullum zai dawo da baƙin mai a farce, yana ba ni labarin yadda suka yanka ƙasan motar don sabon akwatin giyar ya fi tsohon ƙiba. Wata rana ya ce sun gwada, sandar giyar ta ƙasa za ta fito, kuma ta ci taƙi guda cikin kujera. Amininsa ya ce abu mai sauƙi, a cire doguwar a sa guda biyu, kowa da tasa. Na ce Allah Ya sa albarka. Na daɗe ban ga yana murna haka ba, sai na ɓoye masa damuwata. A sujada dai na faɗa wa Mai ji.

Ran Asabar ya ce in zo in gani. Na dafa shinkafa da kifi na kai musu. Kujerun biyu suna ajiye a ƙasa, da tazarar da za su kasance a mota. Amininsa yana ta tsokana, wai yau Hajiya za ta zauna kamar matar minista, ta huta da gwiwar tsoho. Na zauna a ta dama, maigida ya zauna a tasa. A bayanmu wani ya tayar da inji. Na ga bakinsa yana motsi, sai na juyo da jikina duka don in kawo kunnen dama, har mayafina ya zame.

Ya tsaya yana kallona. Can ya miƙe ya ce da amininsa, "Halas, shi ke nan, mayar da su. Doguwar za mu bari."

Amininsa ya yi ta mita, wai aikin kwana ɗaya zai koma mako biyu. Haka kuwa aka yi. Mai ɗinkin kujeru ya ɗan fafe gaban kujerar, su kuma suka lanƙwasa sandar ta yi gaba. Duk da haka in ya jawo ta baya sai ta bugi gwiwata, har na koyi janye ƙafa da zarar na ji kukan injin ya tashi.

Juma'ar farko, da muka hau babban titi ya sa giya ta shida, gurnanin nan ya kwanta, har ina jin iskar da ke shigowa ta taga. Shi kansa ya yi mamaki.

"Hajiya, ashe yanzu ko daga bakin ƙofa za ki ji ni."

"Me ka ce?" na ce, na ƙara matsowa.

Allah Ya yafe mini, na ji shi sarai.