Malam Sallau, Mai Sauraron Muryoyin Ƙarƙashin Teku

Da an idar da sallar asuba, Malam Sallau zai fito da motonsa, wato babur ɗinsa, ƙofar gida, ya ɗaure wata tsohuwar lasifika a baya da igiyar roba. Matarsa Baiwa ta miƙo masa kunu, ya sha a tsaye, ya kama hanya. Yau Tsauni, gobe Dungu, jibi wani ƙauye bayan Ɗan Barto. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Makarantu yake bi, yana roƙon a ba shi ɗan lokaci ya jiyar da yara muryar wata dabba da ke rayuwa a cikin teku.

Kafin ya fita daga Matameye sai ya bi ta gaban teburin mai shayi. A nan magidanta, wasunsu da furfura, suke haɗa baki suna yi masa kukan agwagwa suna dariya. Sallau Agwagwa suke ce masa. Ya ɗaga musu hannu ya wuce. Ni maƙwabcinsa ne, kullum a kan idona ake yi, kuma abin ya ishe ni.

Ga wanda bai san shi ba, gyaran rediyo ya koya a garin nan tun yana saurayi. Neman abinci ya kai shi bakin teku, ya shiga aikin wayoyin lantarki a jiragen ruwa masu binciken man fetur. Irin waɗannan jirage suna jan wasu bindigogin iska a bayansu, suna harba ƙara mai tsanani cikin ruwa don a gane abin da ke kwance ƙarƙashin ƙasa. Ƙarar tana iya lalata jin dabbobin teku, su kuwa da kunne suke rayuwa, da shi suke samun junansu a cikin duhun ruwa. Saboda haka ake ajiye mutum a jirgin, a sa masa na'urar saurare a kunne, in ya ji dabba a kusa ya ce a dakata. Da aka ga kaifin kunnen Sallau sai aka koya masa wannan aiki, ya yi shekaru yana yinsa.

Dabbar da ya fi shaƙuwa da ita ita ce minke, ƙarama a cikin dangin manyan dabbobin teku da Faransawa ke kira balen, ko da yake tsawonta ya kai na babbar mota. Numfashi take yi kamar mu, tana shayar da ɗanta nono. Ta tekun kudu tana da wani kira mai maimaituwa kamar kukan agwagwa. Ma'aikatan jiragen ƙarƙashin ruwa sun yi shekaru kusan hamsin suna jin kiran ba su san mai yinsa ba, sai a shekarar 2014 masana suka tabbatar minke ce. Wannan ita ce agwagwar da ake yi masa ba'a da ita.

Abin da ya raba shi da teku ba daga bakinsa na ji ba. Hamisu ne ya ba ni labari, wani mutumin Dungu da ya yi aikin dafa abinci a jirgi ɗaya da shi. Ya ce wata rana da hantsi, a tekun da ke daura da Namibiya, ya kai wa Sallau shayi ɗakin saurare, sai ya tarar da shugaban aikin tsaye a kansa. Aiki ya riga ya makara saboda hadari, ga shi Sallau ya ce kada a kunna bindigogi.

"Ƙarar inji ce kake ji," in ji shugaban.

"Na san ƙarar injin jirgin nan kamar tarin mahaifina. Wannan minke ce, kuma ba ɗaya ba ce."

"Ba wanda ya gan su. Ka ce hanya a buɗe take, mu ci gaba."

"Ba don in gani aka ajiye ni nan ba, don in ji ne. Na kuwa ji."

Hamisu ya ce har shayin ya huce a hannunsa ana wannan ja-in-ja. Jirgin ya yi tsaye har bayan azahar, sai da kiran ya yi nisa ya ɓace sannan Sallau ya ce a kunna. Ba wanda ya ga dabbobin da ido a ranar, don haka ba shi da shaida sai kunnensa. Da suka sauka a tashar jiragen, aka ce masa an gode. Bai ƙara samun kira daga kamfanin ba, haka ma sauran kamfanonin da ya nema, domin labari ya riga shi isa cewa shi mai tsayar da aiki ne.

A nan raina yake ɓaci. Sun ɗauki mutum don ya faɗi gaskiya, ranar da ya faɗe ta suka sallame shi. Ashe ba mai saurare suke so ba, ɗan amshin shata suke nema, wanda zai zauna da na'ura a kunne don a ce an bi doka. Can aka kore shi saboda ya ji, ya dawo gida mu kuma muka mai da shi abin dariya saboda ya faɗi abin da ya ji. Wani direktan lakwal, wato shugaban makaranta, ba zan kama sunansa ba, ya bar shi tsaye cikin rana a bakin ƙofa, daga baya ya aiko a ce masa yaran ƙasar da ba ta da teku ba su da buƙatar kukan kifi. To ai ba mu da dusar ƙanƙara, amma tana cikin littafin da yake karantar da su.

Malama Zuhra, wadda ke koyarwa a wani ƙauye kusa da Tsauni, ita ta buɗe masa ƙofa. Ta ce ranar farko da ya kunna lasifikar, ajin da ba ya shiru ko da bulala ya yi tsit. Iyaye mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya a taga da tuluna a ka. Wata tsohuwa a cikinsu, Inna A'ishatu, ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, me take cewa?"

"Inna, ban sani ba."

"Duk shekarun da ka yi kana jinta?"

"Har masanan ma ba su sani ba. Wasu na zaton neman abokin aure ne, wasu na ganin sanar da juna suke inda suke. Ba zan ƙirƙiro miki abin da ban sani ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai ta ce, "Sake kunnawa." Malama Zuhra ta ce tun daga ranar yaran ajinta suka daina jin kunyar cewa ba su sani ba, suka koma yin tambaya.

Malam Sallau, kai ne kunnen da ya ƙi yin ƙarya. Kai ne ka tsayar da jirgi sukutum saboda halittar da ba ta san sunanka ba, ba ta kuma san an yi ba. Kai ne ka ɗauko teku a bayan moto ka kai wa 'ya'yan manoman gero.

Abin da masu shayin ba su sani ba, Baiwa ce ta faɗa mini, tana goge ido da gefen mayafi. Shekarun da ya yi da na'ura a kunne, ƙarar bindigogin tana dukansa, sun ci kunnensa na hagu gaba ɗaya, na dama ma ya soma tafiya. Likita a Damagaram ya ce ba gyara. Na bi shi wata makaranta don in gani da idona. Ya danna lasifikar, sannan ya zuba wa yaran ido. Sai da ya ga fuskokinsu sun canza, bakuna sun buɗe, sannan ya san kiran ya fara. Shi ba ya jinsa yanzu.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya ba Baiwa ladan haƙurinta. Duk wanda aka ba amanar tsaron wani abu, ma'auni ne a kasuwa, magani ne a asibiti ko jarabawar yara, ya dubi mutumin nan ya ga yadda ake cewa a dakata ko da kai kaɗai ne. Ku kuma masu riƙe da makullan makarantu, kada ku jira sai an zo yi masa addu'a sannan ku tuna da kirkinsa. Ku aika a kira shi cikin wannan zangon karatu, tun yana iya jin tambayar da 'ya'yanku za su yi masa.