'Yar Farin da Ban Taɓa Kiran Sunanta Ba

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni ce matar da ake ba da misali da ita wajen kunya a unguwarmu. A Kurugu ta ƙasar Karaye aka haife ni, aure ya kai ni wani ƙauye a Gwangwan ta Rogo, gidan manoman gyaɗa da dawa. Da Allah ya ba ni haihuwar fari, mace, sai na yi yadda uwata ta yi da ni: ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, ko kuka take sai an yi mini magana kafin in taso. Da aka yaye ta, ɗakin uwar mijina ta koma. Yaya take ce mini, tsohuwa kuma Inna. Mata suna ta yabona, ni ko kaina yana ƙara girma. Ba wanda ya san cewa in tsohuwa ta fita unguwa, yarinyar tana barcin rana, nakan lallaɓa in zauna ina shafa kanta kamar ɓarauniya.

Tun tana rarrafe hannuwanta da ƙafafunta suke kumbura. A ƙaramin asibitin da ke kusa da mu aka ce amosanin jini ne, wato sikila. Nas ɗin da ke duba yara mutuniyar kudu ce, Hausarta sai a hankali, rabi duk Turanci. Duk zuwan da za mu yi, tsohuwa ce ke shiga da yarinyar, ni kuwa ina waje gindin darbejiya tare da wasu matan Fulani da su ma irin tawa kunyar ta zaunar da su. Nas takan leƙo ta tambayi ina uwar yarinya, ta yafito ni da hannu, sai in ja mayafi in rufe fuska. A raina har haushinta nake ji, ina cewa wannan mata ba ta san ta ido ba. Tsohuwa kuma, Allah ya ji ƙanta, duk abin da aka faɗa mata amsawa take da to, don a ganinta rashin ladabi ne ka sa mai ilimi ya maimaita magana. In ta fito sai ta ce an ce a ci gaba da ba da ƙwaya, sauƙi na Allah ne. Ni kuma wace ce da zan tsare surukata da tambaya?

Wata kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, gida ya watse gona, na shiga ɗakin tsohuwa yadda na saba. Na tarar yarinyar ta yi laushi, tafin hannunta ya yi fari fat, cikinta ta ɓangaren hagu ya taso ya yi tauri. Ta buɗe ido ta ce Yaya ta ba ta ruwa. Amma da tsohuwa ta dawo, abin da bakina ya iya furtawa kawai shi ne wai 'yar can kamar ba ta jin daɗi. Tsohuwa ta taɓa ta, ta ce saifa ce, duk yaran gidan sun yi, ta jiƙa mata saiwa, ta ce in kumburin bai sauka ba a kai ta asibiti ranar kasuwa tunda akwai mota. Ba mu kai ranar kasuwar ba. Washegari da hantsi jikinta ya rikice, mijina ya ɗauke mu a babur zuwa asibiti, ita a tsakiyarmu, kuma ranar ce na fara rungume ta a gaban jama'a. Kafin a samo jinin da za a ƙara mata, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an share makoki sai ga nas ɗin nan har gida, ta taho da wata ungozoma Bahaushiya da ke yi mata tafinta. Nas ta zauna a tabarma tana share hawaye. Ta ce tun farko ta sha faɗa wa tsohuwa cewa duk ranar da aka ga tafin hannu ko cikin ido ya yi fari, ko hagun ciki ya kumbura, a baro komai a kawo ta a take, don jini ne ke ƙarewa. Ta ce ita ta ɗauka ba na son yarinyar ne, domin a garinsu uwa ce ke fara kutsawa ɗakin likita. Da ungozoma ta bayyana mata kunyar ɗan fari, ta riƙe baki, ta ce da ta sani da ta biyo ni gindin bishiyar. Tsohuwa ta fashe da kuka tana rantsuwa ba ta taɓa fahimtar haka aka ce ba. Na yarda da ita. Mu uku muna son yarinya ɗaya: wadda ta san alamar ba ta iya isar da ita ba, wadda aka faɗa wa ba ta gane ba, ni da na gani da idona ina waje.

Na san kwananta ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma kewarta ba ta sake ni ba har yau. Na haifi wasu bayanta, kowanne ni nake shiga ɗakin likita da shi, in tambaya, in sake tambaya, har ma'aikatan suna tsokanata wai lauya ta iso. In na ga yarinya mai haihuwar fari ta rakuɓe a waje da mayafi a fuska, Bafillatana ce ko Bahaushiya, hannunta nake kamawa mu shiga tare. 'Yan uwana mata, kunya ado ce, amma ku ajiye ta a ƙofar asibiti, za ku same ta in kun fito. In ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba, a nemo mai fassara. Ku kuma ma'aikatan da kuka zo mana daga nesa, ku daure ku tambayi dalilin da ya zaunar da uwa a waje kafin ku yanke mata hukunci.

Yanzu in ina tsince gyaɗa ni kaɗai a tsakar gida, nakan kira sunanta da ƙarfi, yadda ban taɓa yi ba tana raye. Suna ne mai daɗin faɗa. Ta tafi tana zaton ni yayarta ce.