Ranar da Habu Ya Sauke Ni a Tsaye

Ƙanena Habu ya ɗaga ni sama a filin kokawa, a gaban mutanen garinmu kaf, sannan ya ƙi kayar da ni. Ranar Juma'a ce bayan la'asar, da kakar shekarar fari ta biyu, shekarar da shanu suka riƙa faɗuwa a hanyar Tsanyawa babu mai tayar da su. Ina da shekara goma sha biyar, shi bai cika sha huɗu ba.

A garinmu kokawa ɓangare biyu ce, manoma da mahauta. A wasu garuruwan dambe aka san mahauta da shi, mu namu kokawa suke yi, kuma sana'a suka ɗauke ta. Da an gama girbi sai su rataya kalangu su bi kasuwanni, Shanono, Ɗambatta, har gaba, su dawo da riguna da awaki. Mu manoma a gida muke yin tamu, da gangar noma. Doka ɗaya ce take raba kowa: gidan da kake cin tuwo, nan ne ɓangarenka. Ba a tambayar wanda ya haife ka. Baba manomi ne, Inna kuwa 'yar mahauta ce, mu biyu ne 'ya'yansu maza, ni Iro da Habu. Tun ina ƙarami ni ne mai ɗora mangala a kan jaki in kai taki gona, ni ne mai jan guga a rijiyar da sai ka ƙulla igiya biyu kafin ka taɓa ruwa. In muka kai awaki kwari, a rairayi nake yini ina kayar da sa'o'ina, har da waɗanda suka girme ni. Habu kuwa gindin tsamiya yake zama yana ƙera mota da karan dawa. In ana langa ya ture yaro, sai ya tsaya ba shi haƙuri. In za a yanka kaza a gida, bayan rumbu yake tafiya har a gama.

Farin farko ya cinye rabin rumbunmu. Na biyu ya zo, gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma yau a ci gobe a haƙura. Inna tana dafa tafasa da rama ta barbaɗa dusa a kai. Ni da Habu mun tona gidan tururuwa mun kwashe 'yar tsabar da suka tara, Inna ta sheƙe ta dama mana kunu. Amma unguwar mahauta ba ta san wannan ba. Fulani suna kawo shanun da suka kasa tafiya, suna rabuwa da su ko a nawa ne. Nama ya yi yawa har ana banda. In iska ta juyo, ƙamshin yakan shigo har tsakar gidanmu.

Wata safiya yayan Inna, Kawu Ɗanjuma, wanda shi ne babban 'yan kokawar mahauta, ya yi sallama. Ya dube mu, ya dubi tukunya, ya ce da Baba, "Ku ba ni ɗaya in riƙe, har Allah ya kawo ruwa." Kafin ya rufe baki na miƙe tsaye. Wa za a ɗauka in ba ni ba? Baba bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Iro ba zai tafi ba. In ya tafi wa zai riƙe mini garma? Ɗauki Habu." Haka ƙarfina ya hana ni abinci. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon Habu yana bin bayan Kawu, yana waiwaye kamar wanda za a kai a sayar.

Duk wanda ya ga Habu a cikin mahauta ya san ba wurinsa ba ne. Su mutane ne masu baki, masu kirari da buga ƙirji, ko gaisuwa suke yi sai ka ce faɗa ne. Shi in ya ɗaura warki sai ka ce aro ya yi. In makaɗi ya kira sunansa da kalangu, ƙasa yake kallo. Suka sa masa suna Liman. Amma yana ci. Cikin wata uku wuyansa ya cika, kafaɗarsa ta buɗe, kuma tunda tuwonsu yake ci, dole ya shiga fili. Ya fara kayar da yara ba don yana so ba. In ya kayar da mutum sai ya miƙa masa hannu ya tashe shi, ya karkaɗe masa ƙasa a baya. Na ji Kawu da kunnena yana cewa, "Wannan yaro kaye yake yi kamar mai neman gafara." Ni kuwa ina gefe da fartanya, haƙarƙarina a waje, na san da ni ne a wurin da tuni an san sunana har Shanono. Yakan zo mana da tsokar banda a aljihu. Inna ta karɓa ta sa masa albarka. Ni in ce ba na cin sadaka. In ya tafi sai in ci.

Da kaka ta zo babu wani abin girbi, amma mai gari ya ce a yi kokawa ko mutane sa manta na yini ɗaya. Aka kewaye fili, manoma gabas, mahauta yamma. A wurinmu in kana son kamawa da mutum, gabansa kake zuwa ka durƙusa ka miƙa masa hannu biyu. Na ratsa filin nan, na wuce manyan samarinsu, na durƙusa a gaban Habu. Ganga ta tsaya. Sarkin fili, wani tsoho mai sanda, ya taso yana faɗa.

"Kai Iro, ka haukace ne? Nono ɗaya kuka sha! A ina ka taɓa ganin wa da ƙane sun kama?"

Na ce da tsohon, "Baba, tuwon wa yake ci?"

Mahauta suka fashe da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi gaskiyarsa! Ku bar shi ya zo, mu ga ko tafasa tana kayar da nama!"

Habu bai tashi ba. Ya ce a hankali, "Yaya, don Allah ka zaɓi wani."

Na ce, "Tashi."

Abin da nake so ɗaya ne. In buga shi da ƙasa a gaban Kawu, Kawu ya ga ya yi zaɓen banza, ya mayar da shi gida ya ɗauke ni. Na shige shi da taɗiyar da na saba kayar da kowa da ita a kwari. Kamar na taɗe turmi. Na sake shiga, ko motsi bai yi ba, ni kuwa tun jiya ruwan kunu kawai na sha. Ya kama ni ta ƙugu, sai na ji ƙafata ta bar ƙasa. Daga sama na ga hulunan mutane, na ga Baba a tsaye ya riƙe baki. Kalangu ya ɗau zafi, mahauta suna ihu, "Buga shi, Liman! Buga shi!" Na rufe ido ina jiran ƙasa. Ba ta zo ba. Ya sauke ni a kan ƙafafuna a hankali, yadda ake sauke tulu daga kai. Ya ce mini a kunne, "Yaya, ba ka da nauyi ko kaɗan." Sai ya juya, ya ratsa fili, ya je ya zauna a bayan Baba, cikin manoma. Mahauta suka bi shi da zagi, wani yana cewa a kai shi masallaci. Ni aka bari a tsakiya. Da ya kayar da ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi Kawu ya zo. Bai zauna ba. Ya nuna Habu, ya ce da Baba, "Naman da na ba wannan asara na yi. Ba namu ba ne. Ba ni mai zuciyar." Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tafi, tunda abin da kake so ke nan." Habu ya ɗauki garma ya jingina a kafaɗa. Ran nan na ci nama har na yi amai, na kuskure baki na koma na ci.

Na dace da mahauta kamar a cikinsu aka haife ni. Na iya kirari, na iya zagi, na iya wuƙa. Shekara kusan ashirin ina bin kasuwanni da su, na kayar da mazan da ban san iyakarsu ba. Habu ya rame a ranin nan har ya fi ni yadda nake a da, amma bai mutu ba. Ruwa ya dawo, ya noma gonar, ya cika rumbu. Baba bai sake zuwa kallon kokawata ba ko sau ɗaya. Ranar da ya rasu ina wata kasuwa da warki a ƙugu, kansa yana kan cinyar Habu.

Yanzu filin nan an yi shaguna a kai. Yara a waya suke kallon kokawar Turawa, babu mai durƙusawa a gaban kowa. In tsofaffi suka zauna hirar shekarun fari, labarin Habu suke bayarwa, yaron da ya ɗaga yayansa ya ƙi kayarwa. Ni ba a kiran sunana sai don a faɗi wanda aka ɗaga. Tun daga ranar da na bi Kawu ban sake kwana da yunwa ba, kuma haushin Habu bai bar ni ba.

Habu yana gida, a ɗakin Baba yake kwana. Ni ina Ɗambatta, a gidan haya, ina sayar da nama a bakin kasuwa.